Kayana Na Dawowa Daga Kasuwa: Shin Ƙara Masu Duba Kaya Ne Sirrin Japan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina kula da wata ƙaramar masana'antar robobi, muna buga bokitai da kujeru. Wata uku ke nan dillalai na dawo mana da kaya, wasu sun tsage, wasu launinsu ya bambanta, har barci ya fara gagarata. Wani mai ba da shawara ya ce in ɗauki masu duba kaya huɗu a bakin fita, in riƙa yanke albashin duk wanda aka ga aibi a aikinsa, kuma in biya shi ya samo mana takardar shaidar ISO, wato shaidar bin ƙa'idojin inganci na ƙasa da ƙasa. Ya ce haka Japan ta yi ta buge Amurka bayan yaƙin duniya na biyu. Gaskiya ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Amma ka riƙe kuɗinka tukuna, domin mutumin nan a kife ya ba ka labarin. Abin da ya jingina wa Japan, shi ne abin da Amurka ta yi ta yi har ta sha kashi.

Bayan 1945 masana'antun Turai da na Japan sun zama kufai, duk abin da Amurka ta ƙera kuwa sayuwa yake. Sai kamfanoninta suka sa yawa a gaba, suka jibge masu duba kaya a ƙarshen layi suna tsince marasa kyau. Dabarar lura da aiki ta hanyar ƙididdiga da wani masani Ba'amurke, Walter Shewhart, ya fito da ita tun 1924 aka yi mata riƙon sakainar kashi. Kayan Japan a lokacin abin dariya ne. Ko motar Crown da Toyota ta kai Amurka a 1958 kasa jure gudun manyan titunansu ta yi, sai da aka janye ta.

A 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin Japan ta gayyato wani Ba'amurke masanin ƙididdiga da ingancin kaya, W. Edwards Deming, wanda a gida ba a cika sauraronsa ba. Wani masanin ingancin kaya, Joseph Juran, ya biyo baya a 1954. Shugabannin kamfanoni suka zauna da kansu suka ɗauki darasi, ba yaransu suka aika ba.

To, ga abin da nake fama da shi kusan kullum. Mai duba kaya ba ya gyara bokiti. Kafin bokitin ya iso hannunsa an riga an ƙona roba, an sha man janareta, an biya ma'aikaci. Iyakarsa ya ce maka ka yi asara. In ka sa mutum huɗu, na farko zai dogara da na biyu, na biyu da na uku, kowa ya ɗauka wani ya gani. Deming yana da wani gwaji da yake yi a bainar jama'a: ya cika akwati da 'yan duwatsu farare da jajaye, kashi 20 cikin 100 jajaye, ya ba mutane ludayi mai ramuka 50 su ɗebo, ya ce farare kawai yake so. Wanda ya ɗebo jajaye kaɗan ya yaba masa, wanda ya ɗebo da yawa ya yi masa barazanar kora. Washegari gwarzon jiya ya zama mai laifi. Jajayen suna cikin akwatin tun farko, kuma mai akwatin ne ya zuba su. Ranar da ka fara yanke albashi, wallahi aibin ba zai ragu ba, ɓoye maka shi za a koya, ya fito a hannun dillali. A Toyota akasin haka aka yi: an rataye igiya a kan layi, ƙaramin ma'aikaci na iya ja ya kira shugabansa, har layin ya tsaya idan ba a warware matsalar ba.

Sakamakon bai ɓuya ba. A 1980 Japan ta zarce Amurka a yawan ƙera motoci. A 1981 aka matsa mata ta taƙaita motocin da take kai wa can zuwa miliyan 1.68 a shekara, kuma a shekarar ce Ford ta nemi Deming, yana da shekara 80. A 1984 General Motors ta haɗa gwiwa da Toyota suka sake buɗe masana'antar General Motors ɗin da aka rufe a Fremont ta jihar Kalifoniya, da akasarin tsofaffin ma'aikatan da ake kuka da su, sai ga ingancin ya tashi. Mutanen ba su canza ba.

Ita kuwa takardar ISO 9000, sai 1987 ta fito, bayan an gama dambe. Tana da amfani idan babban mai saye ya gindaya maka sharaɗinta, amma wadda ake cewa biya a kawo maka, ba tare da an taka ƙafa cikin masana'antarka ba, adon bango ce.

Ka samu littafin rubutu ka ajiye gefen kowane inji. Na mako biyu a rubuta buhun robar da aka zuba da wanda ya kawo shi, yawan tsohuwar roba da aka gauraya, zafin injin, da lokacin da aka koma kan janareta. Sannan ka zauna da masu aikin dare ka tambaye su ranar da tsagewar ta fara. Akwai yiwuwar sun daɗe da sani.