Tambaya da Amsa: Me ya sa Maiduguri ke riga Sakkwato shan ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare a Sakkwato. Yayana yana aiki a Maiduguri. Duk azumin da ya wuce, kullum sai ya bugo waya ya ce sun sha ruwa, mu kuwa ga rana can ja wur ba ta faɗi ba. To ba agogonmu ɗaya da su ba? Kuma da kakata ta je Umara, agogonsu ya wuce namu da awa biyu cur. An koya mana lissafin a darasin labarin ƙasa, na haddace, amma wallahi ban gane ba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya. Na daɗe ina riƙe da alli, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga yaro ya ci wannan lissafi a jarrabawa, amma in ka fito da shi tsakar gida ba zai iya nuna maka gabas ba.

Yau da dare ki samo lemo da tocila da tsinken sakace biyu. Ki soka tsinkayen a cikin lemon kusa da juna, na dama Maiduguri, na hagu Sakkwato. Ki kashe fitila, ki ba ƙanenki tocilar ya haska lemon daga gefe guda kada ya motsa, ke kuma ki riƙa juya shi a hankali daga hagu zuwa dama. Za ki ga tsinken dama ne ke fara shiga haske, shi ne kuma ke fara shiga duhu. Haka duniya ke juyawa, daga yamma zuwa gabas. Na gabas ya riga ki ganin alfijir, ya riga ki ganin faɗuwar rana. Yayanki ya riga ki shan ruwa, amma ya riga ki ajiye cokalin sahur ma.

Yanzu ki buɗe taswirar Najeriya a littafinki. Akwai siraran layuka da suka sauko daga sama zuwa ƙasa, da lambobi a bakin takardar. Su ne layukan longitud. Duniya na yin zagayen digiri 360 cikin awa 24. Ki raba, za ki sami digiri 15 a kowace awa, wato minti 4 a kowane digiri. Sakkwato na kan digiri 5 da 'yan kai, Maiduguri na kan 13 da 'yan kai. Tazarar digiri 8 ke nan, sau 4, minti 32. Kusan rabin awar nan da kike zaune gaban kunu da ƙosai kina jiran ladan, ga inda ta fito. Takan ƙaru ko ta ragu da 'yan mintoci gwargwadon lokacin shekara, domin Sakkwato ta ɗan fi Maiduguri matsawa arewa.

To me ya sa agogonku ɗaya? Saboda agogo yarjejeniya ce ta mutane, rana kuwa ba ruwanta da yarjejeniyar kowa. Da kowane gari zai saita agogonsa da ranarsa, da jirgin ƙasa da labaran rediyo da jarrabawar ƙasa duk sun rikice. A shekarar 1884 wakilan ƙasashe suka zauna a Washington ta Amurka, suka amince a fara ƙirga layukan nan daga wanda ya ratsa Greenwich a Landan, shi ne digiri 0, lokacinsa kuma shi ake kira GMT. Wannan layi ya ratso ta Tema a Ghana, shi ya sa kike jin masu labarai a rediyo na cewa agogon GMT da Ghana, sannan su ce agogon Najeriya da Nijar. Mu mun ɗauki lokacin layin digiri 15 gabas, awa ɗaya gaba da GMT, tare da Nijar da Kamaru da Chadi. Abin da ɗalibaina kan yi mamakinsa shi ne wannan layi bai ma taɓa Najeriya ba, ta Njamena ya bi. Don haka agogon da ke hannunki ya fi dacewa da ranar Maiduguri a kan taku ta Sakkwato.

Batun kakarki mai sauƙi ne. Saudiyya na bin layin digiri 45, awa uku gaba da GMT. A cire tamu ɗaya, saura biyu. In tana sallar Asuba a Harami da ƙarfe biyar, ke ƙarfe uku ne na dare a wurinki.

Ingila ce za ta iya ruɗa ki. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba sukan tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai ya zo daidai da namu. Sauran watannin kuma mu ne gaba da awa ɗaya. Ki tambayi samarin gidanku masu zuwa gidan kallon ƙwallo, sun san wasan ƙarfe uku na Asabar yakan koma ƙarfe huɗu da sanyi ya shigo, ko da ba su san dalili ba.

A jarrabawa, kafin ki taɓa lissafi ki fara duba harafin da ke bayan lambar, E gabas, W yamma. In garuruwan biyu ɓangare ɗaya suke, ki cire ƙarami daga babba. In ɗaya na gabas da Greenwich ɗaya na yamma, ki haɗa su. A nan na ga yara da yawa sun zubar da maki, suna cirewa a inda ya kamata su tara. Bayan nan, in gabas kika nufa ki ƙara lokaci, in yamma ne ki rage.

Ga naki aikin. Yamai, babban birnin Nijar, na kan digiri 2 gabas. Tsakaninku da su wa zai riga shan ruwa, kuma da minti nawa? Ki aiko mini da amsar, ki kuma gaishe mini da Hajiya.