Hukuncin soke ƙaramar bindiga a ƙugu saboda tsoron ƴan fashin daji

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi. Ina sayen wake da aya a kasuwannin ƙauye wajen Gabi da Madarunfa da Ɗan Isa, wani lokaci in ƙetara Jibiya, kuma da kuɗi a jikina nake tafiya. Bara aka ɗauke abokin tafiyata, sai da aka biya fansa. Shi ne nake son in sayi ƙaramar bindiga in riƙa soke ta a ƙugu, ba wanda ya sani. Wani ya nuna mini hoton guda uku a waya, Glock da Makarov da wata ƴar Turkiyya mai araha, ya ce zai kawo mini har gida, takarda ba dole ba ce. Na kuma ji wani malami a WhatsApp yana cewa kare kai haƙƙi ne da Allah ya bayar, ba ya jiran sa hannun gwamnati. Ga kuma wani da ya riƙe mini kuɗi shekara biyu yana yi mini kallon banza, na san ranar da ya ji ina da ita zai shiga taitayinsa. Ya halatta? Wacce zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya tsare ka, ya mayar wa abokinka da alheri. Tsoronka ba ƙirƙira ba ce. Duk mai bin hanyar Gabi ya san abin da dajin Baban Rafi ya koma, kuma tun 2019 muka ga ƴan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina suna kwararowa ƙauyukan Gidan Rumji da ɗan abin da kai ya iya ɗauka. Kare rai da iyali da dukiya daga ɗan fashi halal ne babu saɓani, mallakar makami ma a asalinsa halal ne. Ba nan gizo ke saƙa ba.

Na karanta saƙonka sau biyu, inda idona ya tsaya shi ne layin da ka jefo a ƙarshe kamar ba komi ba: mutumin da ya riƙe maka kuɗi. Alhaji, ƴan fashin daji ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Bisa babura suke, goma ko ashirin, kowa da Kalashi mai cin harsashi 30 wadda ke kai wa mutum daga ɗaruruwan mitoci. Ƙaramar bindiga kuwa aikinta taku kaɗan ne. Wataƙila ka gamu da su sau ɗaya, wataƙila har ka tsufa ba ku gamu ba. Mai bashinka fa? Kullum kuna haɗuwa a bakin kasuwa, ranka a ɓace, ita kuma tana ƙugunka. To wa ya fi kusa da bakinta?

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku na la'antarsa har sai ya bari, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A wani hadisin ya faɗi dalili: bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa ya afka ramin wuta. Kada ka ce ai ba nunawa za ka yi ba, so kake kawai ya ji labari. Tsoratar da musulmi haramun ne, da hannu ko da ji-ta-ji-ta, kuma bashi ba ya halatta shi. Ka kuma san cewa mazhabarmu ta Malikiyya tana da tsauri a nan. Imamu Malik bai yarda da wani kisa na tsakiya ba, wai mai kama da ganganci. Ko ganganci ko kuskure. Wanda ya kai duka cikin fushi, ko da tsumagiya ce, mutum ya mutu, ƙisasi ne. Shaihu Khalil a littafinsa Mukhtasar har ya kawo wanda ya nuna wa abokin gabarsa takobi, ya gudu, ya bi shi, ya mutu cikin gudun: shi ma ƙisasi ne, ko takobin bai taɓa shi ba. Gabar da ke tsakaninku ita ce shaidar farko da za a kafa a kanka, kuma kai da kanka ka rubuta ta.

Sai maganar malamin WhatsApp. Ta yaɗu, na ji ta a bakin matasa da yawa, don haka zan daɗe a kanta.

Ya cakuɗa abu biyu. Ranar da ɓarawo ya haura maka katanga, ka ɗauki abin da hannunka ya kai, gatari ko taɓarya, ba mai cewa ka jira takarda. Wannan shi ne haƙƙin da Allah ya bayar. Amma mutum ya riƙa yawo da bindiga a ɓoye cikin kasuwa da tasha da sahun sallah, wannan ya fita daga sha'aninsa shi kaɗai, ya shiga sha'anin jama'a, kuma tun zamanin Annabi ake sa masa ƙa'ida. Ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya damƙe tsininsu kada ya karce wani. Ya hana a miƙa wa mutum takobi a zare. Kibiya ke nan, wadda sai an ɗana an ja kafin ta tashi.

Ga kuma ƙissar Abdullahi ɗan Umar a cikin Bukhari. A Mina tsinin mashi ya soke shi a tafin ƙafa, har ƙafar ta manne da likkafa. Hajjaju ɗan Yusufu, wanda ke da iko da Hijaz a lokacin, ya zo duba shi, yana cewa da mun san wanda ya yi maka wannan. Ibnu Umar ya ce kai ne. Ya ce ta yaya? Ya ce ka bari an ɗauki makami a ranar da ba a ɗauka, ka shigar da makami Harami alhali ba a shigar da shi. Duba da kyau: bai tsaya neman mai mashin ba, shugaban da ya saki makami cikin mutane ya kama da laifi. Ashe hana yawo da makami nauyi ne a wuyan mai mulki, in ya yi sakaci a tuhume shi. To yaya za a ɗora masa nauyin, sannan a ce wa talakawa dokarsa ba ta hau kansu ba? Kuma wane shugaba ne a ƙissar? Hajjaju ne, wanda zaluncinsa ya zama abin misali. Wannan ya isa amsa ga masu cewa ai gwamnatinmu ba da shari'a take mulki ba. Idan shugaba ya taƙaita wani halal saboda maslahar jama'a, ba saɓon Allah ya umarta ba, biyayya ta wajaba. Shi malamin ma ba ya tafiya Makka sai da fasfo, alhali hajji farilla ne. Ban ji ya ce a keta iyakar Saudiyya ba takarda ba.

Za su ce hukuma ta kasa kare mu, larura ce. Akwai gaskiya a rabin farko, ba zan ɓoye ba. Sojoji na ƙoƙari, amma ƙauyuka nawa ake shiga a fita kafin su iso. Sai dai larura ana auna ta gwargwadonta, kuma ƙofar ba a kulle take ba: a ƙasar nan ana neman izinin riƙe bindiga ta ma'aikatar cikin gida, a bincika mutum, a ba shi ko a hana. Wanda bai ƙwanƙwasa ba, ba zai ce larura ta sa ya haura ba. Sannan mu leƙa maƙwabta. A Zamfara da ƴan sa-kai suka ɗauki makami da sunan kare kai, aka fara kashe Fulani a kasuwanni bisa zato, su kuma na daji suka riƙa ramuwa kan ƙauyuka. Wutar ƙaruwa ta yi. Mu nan mun ɗanɗana namu: tun 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, a shekarar 2000 kuma aka tara bindigogin tawaye aka cinna musu wuta a Agadas.

Abin da malamin bai taɓo ba sam shi ne mai sayarwa. Wane ne wannan mai hotuna a waya? Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai ke gangarowa daga Libiya, su ratsa ƙasar nan zuwa dazukan Katsina da Zamfara. Mai kawo maka ƙarama har gida, hanyarsa ɗaya da mai kai harsashi ga waɗanda suka ɗaure abokinka, in ma ba shi ba ne. Kuɗinka jari ne gare shi. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙi a sayar da makami lokacin fitina, mai saye daga irin wannan hannu kuwa ya taimaka wajen zunubi. Ba ka san ko daga gawar wani soja aka zare ta ba. Kuma ka sanar da mutumin banza cewa kai mai kuɗi ne, ga ƙofar gidanka. Idan jandarmomi suka same ta a jikinka a shingen Ɗan Isa, ba ɗan kasuwa mai tsoro za su gani ba, mai kai wa ƴan daji kaya za su gani. Jibiya kuwa ko da takardar Nijar ba ka tsira ba, domin dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin waɗanda ba mai riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa.

Saboda haka, a yadda ka siffanta, bai halatta ka saye ta ba, ko wacce ce cikin ukun.

In ka raba gari da maganar bashin, ka samu izini, ka saya ta hanyar da doka ta sani, ka koyi riƙo a hannun wanda ya iya, to ya halatta, sai a zo batun zaɓi. Na zauna da wani tsohon jandarma da muke sallah tare. Dariya ya fara yi, ya ce mutane na zaton ƙarama ta fi sauƙi, alhali ita ta fi wuyar harbi: ba nauyi, sai ta yi tsalle a hannu, ga gajeren baki, saiti ya yi wuya, wanda bai saba ba sai ya kuskure ƙofar ɗaki ya samu na bayanta. Ƴar Turkiyyar nan mai araha, da yawan irinta don ƙara kawai aka ƙera su, daga baya wasu suka sauya su. Ƙarfen bai kai ba, tana iya fashewa a hannun mai ita. Makarov tsohuwar ƙira ce mai harsashi 8, tana da makulli a gefe. Glock ba ta da irin wannan makullin, tsaronta a jikin kunamar yake, shi ya sa mai cusa ta tsirara a mazugin wando, ko a aljihu tare da carbi da makullai, cinyarsa yake wa tanadi. Dole sai da kube mai tauri da ya rufe kunama ruf. Ya ce wadda ta zauna a tafin hannunka, ka saba da ita, kake samun harsashinta ta halal, ita ce taka. Suna ba ya harbi.

Ya ƙara da abin da ya sa na yi shiru: cire gidan harsashi ba ya nufin bindiga ta zama fanko, ɗaya kan rage a ciki. Na taɓa zuwa gaisuwa wani gida inda haka ta faru. Mai gida ya zare gidan harsashin ya sa aljihu, ya ajiye ta ƙarƙashin filo ya shiga wanka, yara biyu suka shigo ɗakin. Har muka tashi bai ɗaga kai ya dubi kowa ba. Kisan kuskure diyyarsa dinari 1,000 ne na zinari, fiye da kilo 4, a kan dangin wanda ya yi, ga kaffarar azumin wata biyu a jere. A gida sai akwati mai kwaɗo, harsashi a wani wuri dabam. Sallah da ita a jiki ta inganta, amma kada ka shiga sahu da ita sai in tsoro ya tabbata. Harbin sama ranar biki ko suna haramun ne, harsashin sai ya sauko.

Ko da izinin, shari'a ba ta sake maka hannu ba. Khalil ya ce a fara gargaɗin mahari in mai fahimta ne, ba a nufin kashe shi sai an san ba abin da zai tsayar da shi sai hakan, ba a ma ji masa rauni in ana iya kuɓuta ba tare da cutuwa ba. Wanda ya juya ya gudu ba a binsa da harbi. Ka tuna kuma ba kai kaɗai ba ne a mota. Harbinka ɗaya na iya sa a buɗe wa motar wuta gaba ɗaya, da mata da goyo, kuma ba su wakilta ka ka yi caca da rayukansu ba.

Ni a ganina kuɗin da ke jikinka sun fi rashin bindiga haɗari. Ka riƙa turawa ta kamfanonin tura kuɗi irin Nita ko Al Izza inda suke da reshe, ka ajiye amintacce a kowace kasuwa yana biya a madadinka. Kada magariba ta same ka a hanya, kada ka faɗi ranar tafiyarka a majalisar shayi, don masu kai rahoto cikinmu suke. Ka riƙe addu'ar fita gida. Lambar mai hotunan nan ka goge ta, in kana da hanyar da ba za ta jawo maka cuta ba ka sanar da hukuma.

Shi kuwa mai bashi, jinkirin mawadaci zalunci ne, haƙƙinka na nan. Ka kai shi gaban shugabannin ƴan kasuwarku, in ya ƙi sai alƙali. In akwai rubutu ko shaidu biyu, ka same ni da su bayan La'asar, in aika a kira shi mu zauna. Wallahu a'alamu.