Shawarwari ga Manoma: Shin Tsirrai na Maganin Tsargiya da Tsutsar Ciki?

Tambaya: Ni manomin rani ne, a cikin ruwa nake wuni. Kwanakin nan ina ganin jini a ƙarshen fitsari, an kuma ce in jiƙa sassaƙen aduwa in riƙa sha. Zai warkar da ni?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Alamar da ka ambata ta yi kama da tsargiya, amma gwajin fitsari ne zai tabbatar, saboda haka kada ka yi jinkirin zuwa asibiti. Ƙwan tsutsar da ke haddasa cutar yana fita ta fitsari ko bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin ƙananan dodon-koɗi, daga nan ƙananan tsutsotsi su fito su huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa.

Maganar aduwa tana da tushe, sai dai an juya ta. 'Ya'yanta da sassaƙenta suna ɗauke da sinadari mai kumfa kamar sabulu, wanda ke kashe dodon-koɗi a cikin ruwa. Irin wannan ne masanin ƙasar Habasha, Aklilu Lemma, ya lura da shi a 1964 a wani rafi na garin Adwa da ke ƙasar tasu, inda ya ga matattun dodon-koɗi birjik a ƙasan wurin da mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai suna endod, alhali na saman rafin suna nan da ransu. To amma kashe dodon-koɗi a rafi daban, kashe tsutsar da ta riga ta zauna a jijiyoyin jinin mafitsara daban. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi shi ne firazikwantel, ana bayar da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum. Ba ya hana sake kamuwa, don haka ka nemi dogon takalmin roba, ka kuma hana yara yin fitsari a magudanar ban-ruwa. Kada ka zuba jiƙon aduwa a kududdufin da ake kiwon kifi, domin kifin ma yana kashewa.

Ban raina tsirrai ba ko kaɗan. Daga ganyen wani tsiro mai suna atemisiya ne masaniyar kimiyya Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro wanda ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Abin da ya mai da ganyen magani shi ne tacewa da sanin awo, domin yawan sinadarin yana sauyawa gwargwadon ƙasa, lokacin girbi da yadda aka shanya ganyen, kuma jiƙon gida ba ya nuna wa kowa adadin da ya sha.

Tambaya: Awakina suna ramewa, ƙarƙashin haɓarsu ya kumbura. Tsirrai masu bauri za su wadatar?

Amsa: Ka kama akuya, ka janye fatar idonta ta ƙasa da babban yatsa a cikin haske. Idan cikin ya yi ja sosai, jininta na nan. Idan ya yi fari fat, mai yiwuwa tsutsar tumbi ta tsotse shi, kuma wannan akuyar maganin tsutsa take buƙata yau daga hannun likitan dabbobi, bisa nauyinta. Ganye da kwanso masu bauri, irin na bagaruwa, suna iya rage ƙwan tsutsa a kashin dabba, amma ba sa share ciki, kuma idan suka yi yawa sukan rage cin abinci da narkewarsa. Ka ba su kaɗan tare da sauran abincinsu, ka riƙa sauya wurin kiwo, sa'annan ka sake duba idanun bayan mako biyu.