Tambayi Makanike: Filta Ta Kafe, Mota Ta Kwana Biyu Ba Mai

Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a unguwar Yelwa, nan Garwa. Ina da Corolla ƙirar 2004, ta hannu na saye ta. Ran Asabar na ce bari in yi mata bidanji, wato canjin man inji, da kaina a tsakar gida, tunda na sha tsayawa ina kallon yadda ake yi a gareji. Na kwance notin ƙasa, baƙin mai ya tsiyaye tas, amma da na zo kan filta sai ta ce ba ta san zancen ba. Na murɗa da hannu har tafina ya yi ja, na naɗe ta da tsumma, na kama ta da fulaya har gefenta ya loɓa. Maƙwabcina ya ce in huda ta da sukundireba in murɗa. Yau kwana biyu ke nan motar tana kan jak ba mai a cikinta, ga shi ran Juma'a muna da ɗaurin aure a Marwa. Yaya zan yi?

Malamin makaranta, Yelwa, Garwa

Wa'alaikumus salam Malam. Ka gaida maƙwabcin naka, amma ka mayar masa da sukundirebarsa tukuna. Za mu zo kanta, ba yanzu ba.

Abu biyu a wasiƙarka sun fi filtar tayar min da hankali. Na farko, mota ba mai kuma makulli yana yawo a gida. Ka zare shi ka sa a aljihu, don yaro ɗaya mai son jin rediyo ya isa ya tayar da injin, kuma injin da ya yi gudu ba mai ba ya daɗewa kafin ya ƙone. Na biyu, ka ce tana kan jak. In a ƙarƙashinta kake kwanciya jak kaɗai na riƙe da ita, a kan yashin tsakar gida, to Allah ne ya tsare ka. Ka ja burkin hannu, ka tokare tayoyin baya da dutse, ka jera katakai masu kauri a ƙarƙashin ƙarfen jikinta. Kada ka sa bulon siminti, yana farfashewa ba sallama.

To, me ya riƙe filtar? Mutane suna zaton zaren ƙarfen da ake murɗa ta a kai ne ya ci, alhali da wuya ya zama shi, tunda kullum cikin mai yake. Abin da ke riƙe ta wata baƙar roba ce mai kama da awarwaro a bakinta, wadda ke zama a kan fuskar injin. In wanda ya ɗaura ta bai shafa wa robar mai ba, sannan ya ɗauko sifana ya ƙara mata ƙarfi don maigida ya ga ya yi aiki, robar za ta matse a bushe. Sai zafin inji ya yi ta gasa ta wata da watanni, ga namu zafin na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Daga ƙarshe sai ta manne kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wato laifin ba na hannunka ba ne, na wanda ya yi bidanjin baya ne.

Kafin ka ƙara wani yunƙuri, ka tabbata ba ɗaure ta kake yi ba. Kada ka yi fushi da wannan magana, na ga direbobin da suka yi shekara ashirin a hanya sun faɗa ciki. A irin motarka filtar tana rataye ne ta ƙasan injin, wajen gaba. In kana kwance kana kallon gindinta, za ka juya ta saɓanin tafiyar hannun agogo, kamar mai buɗe murfin gora. Amma in ka zura hannu daga sama ko daga gefe, lissafin yana rikicewa, mutum ya yi ta gumi yana ƙara mata ɗauri.

Ga kuma wata dama da kake da ita yanzu, wadda za ta kuɓuce maka da zarar ka huda gwangwanin. Tunda filtar loɓawa kawai ta yi ba ta fashe ba, ka mayar da notin ƙasa, ka zuba sabon mai, kusan lita 4 motar take sha amma sandar awo ce alƙali. Ka tayar da ita minti biyar kana leƙen ƙasa ko akwai yoyo, sannan ka kashe. Robar da ta ji ɗumi ta fi sakin jiki a kan wadda ta kwana biyu a sanyaye. Ba asarar mai za ka yi ba, abin da zai zube in ka cire filtar bai wuce cikin kofin shayi ba. Kuma in duk dabara ta ƙare, motarka tana iya kai kanta gareji da ƙafarta, ba sai an nemo igiya an ja ta ana kallonka a unguwa ba.

Sai riƙo. Ka goge jikin filtar da tsumma da ɗan omo har maiƙon ya fita, ta bushe. Ka samu sanfefa ka naɗe ta, ɓangaren kaushin yana kallon filtar, ka kama da hannu biyu. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa. In ta ƙi, ka yanko tsohon tub na babur, ko ka samo tsohon bel na fata, ka zagaya shi a jikinta, ka haɗa bakin biyu a jikin doguwar sifana ka yi ta nannaɗewa har ya ɗame, sannan ka ja. Inda za ka ɗora shi ne sirrin: can sama, daf da inda filtar ta haɗu da inji. Nan ne akwai faranti mai kauri a ciki. Tsakiyarta da gindinta gwangwani ne kawai, bai fi na madara ƙwari sosai ba, shi ya sa fulayarka ta loɓa shi. Kuma kada ka fizga. Ka ɗora ƙarfi a hankali ka riƙe, kana ƙirga ɗaya zuwa goma. Roba ba ta saki da fizga, sai da naci. Za ka ji ta ɗan motsa kamar faɗin farce, to daga nan ta zama taka.

In kana da niyyar ci gaba da yi da kanka, ka je wurin masu kayan gyara ka ce a ba ka kile a filtir, wato makullin kwance filta. Akwai mai sarƙa, akwai mai ɗamara, akwai mai kama da ƙoƙo da ke rufe gindin filtar. Ƙoƙon da ke shiga irin taka shi ne mai faɗin milimita 64 ko 65, mai lungu 14. Ka tafi da sabuwar filtar a hannu ka gwada a gabansu. Sai dai tunda taka ta loɓa, mai sarƙar zai fi yi maka amfani a wannan karon.

Yanzu maganar sukundireba, ko turnabis kamar yadda yaran garejinmu ke cewa. Ina yaron shago aka kawo mana wata Peugeot 504 a-kori-kura, maigidana ya tafi sallar la'asar. Na ce kafin ya dawo zan burge shi. Na buga turnabis ya fita ta ɗaya gefen, na danna da ƙarfi. Gwangwanin ya yage kamar takarda, mai ya wanke min fuska, bakin ƙarfen ya tsaga min babban yatsa, tabon yana nan har yau. Farantin kuwa ko gezau. Da maigida ya dawo bai ce uffan ba, ya miƙo min cizal da guduma ya zauna a benci. Sai da aka kira magariba ina ƙarƙashin motar nan.

Ba na cewa dabarar ba ta aiki, tana yi, amma ita ce ta ƙarshe, kuma ba a yin ta sai sabuwar filta tana ajiye a gefe. In ta kama dole, ka huda kamar yatsu biyu ƙasa da inda ta haɗu da inji, don kada ka daki bututun zaren da ke tsakiya, ka tabbata turnabis ɗin ya ɓulla ta ɗaya gefen, ka juya a hankali. In ta yage ta bar farantin, sai ka ɗora bakin cizal a gefen farantin ka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan ta wajen kwancewa. Ka kiyayi fuskar injin da robar ke zama a kai. Ƙarfe ne mai laushi, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta sa motar ta riƙa ɗigar mai har ranar da za ka sayar da ita. Garin neman gira kada a rasa ido.

Da ta fito, kafin ka yi murna, juya ta ka duba: robar tana jikinta? Filtar da ta manne irin haka takan bar robarta a jikin inji, baƙa a kan baƙi, ido ba ya gani sai an shafa da yatsa. In ka ɗora sabuwa a kai, roba biyu ke nan, kuma ba za su riƙe ƙarfin mai ba. An taɓa jawo min wata Hilux daga hanyar Fitowa ranar kasuwa saboda wannan. Mai ita ya ce bai ga komai ba sai jar fitilar mai, da ya waiwaya ya ga baƙin layi a kwalta yana bin sa.

Ka goge wurin, ka tsoma yatsa a sabon mai ka shafe sabuwar robar. Ka ɗaura da hannu har ka ji robar ta taɓa inji, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Shi ke nan, ba sifana, ba sarƙa. Galibi ma an zana hakan a jikin filtar, mutane ne ba sa dubawa. Ka tayar, jar fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ta ƙi mutuwa ka kashe nan take. Ka leƙa ƙasa, ka kashe, ka jira minti biyar, ka auna ka cika. Tafiyar Marwa kusan kilomita 200 ce, in kun tsaya shan ruwa a Figil ka sake leƙawa. Tsohon man kuma ka zuba a jarka ka kai gareji, kada ka tuttular a kwata, damina na zuwa za ta kwashe shi zuwa Binuwai.

Allah ya sanya alheri a auren.

Ga wata wasiƙar: Baba, tawa Corolla ƙirar 2012 ce, na leƙa ban ga gwangwanin ba sam, sai wani baƙin murfi na roba. Ko ba ta da filta ne?

Direban tasi, Marwa

Tana da ita, ɗana, tana cikin murfin nan. Takarda ce zalla ake zarewa a sa sabuwa, tare da siririyar robar da ke zuwa a cikin kwalin. Wannan kam ba ruwansa da cizal, fulaya ko turnabis, don yana tsagewa, kuma kuɗinsa ya ninka na filtar. Ƙoƙon nan mai milimita 64 shi ne makullinsa. In ka goge ƙurar jikinsa za ka ga an rubuta 25, ma'aunin ƙarfin ɗaurinsa ke nan, kuma ba wani ƙarfi ba ne: da ka ji ya zauna, ka ɗan ƙara kaɗan da gajeriyar sifana ka cire hannunka.