Ka fara duba aikin El-Salahi tukuna

Ɗan'uwa, ka ce zanen zamani kwaɓe ne kawai, ko yaron goye zai iya. Wallahi ni ma da haka nake gani, sai ranar da ƙanena ya nuna min ayyukan mai zane Ibrahim El-Salahi a wayarsa, muna shan shayi nan Omdurman ta ƙasar Sudan.

Ɗan garin nan ne, an haife shi a 1930, mahaifinsa malamin allo, shi kuma ya yi karatun zane a Landan. Ka ƙura wa layukansa ido: hannun wanda ya saba da tawada da alƙalami ne, harafin Larabci ya lanƙwashe ya koma fuska. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kobar, yana zane a guntayen takarda yana binnewa cikin yashi don kada masu gadi su gani. A 2013 gidan nuna zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolin ayyukansa.

Ni zanensa na bishiyar haraz ya fi kama ni, gawonmu ke nan, mai kakkaɓe ganye da damina.

Amma masu watsa fenti a ƙyalle su tsuga kuɗi, su kam har yau ban gane musu ba.