Mabiya dubu 80, masu saye nawa?

Tambaya: Malam, a unguwar Mabera ta Sakkwato nake. Ina da mabiya dubu 80 a TikTok, masu shaguna kan biya ni naira dubu 20 in tallata musu abaya. Na gaji da cin guntu. Ina so in sayar da sarƙar gwal ɗina in saro abaya ta miliyan ɗaya da rabi in riƙa sayarwa da kaina. Me ka gani?

Amsa: Ɗiyata, mayar da sarƙar nan akwati tukuna. Lissafi ɗaya kika zo da shi, dubu 80, amma wanda nake nema ba ki da shi: abayar da kika tallata watan jiya, guda nawa aka saya ta dalilinki? Ba ki tambayi mai shagon ba, ba ki rubuta ba. Kin amshi kuɗinki kin wuce.

Cikin mabiyan nan akwai samarin da kallo ya kawo su, akwai 'yan makaranta da kuɗin data ma sai an ba su, akwai mutanen Konni da Maraɗi masu sefa, waɗanda kai musu kaya wani aiki ne daban. Ga 'yan “nawa ne?”, ki kwana kina amsa musu, da kin tura lambar asusu su yi ɗif. An sha ganin mai mabiyan da suka fi naki ta ciko jaka da kaya, ta sayar da goma a makon farko, ƙawaye da dangi ne, rabi bashi, saura ya zauna a ɗaki. Abaya kuwa da yayi take tafiya. Wadda ba ta fita kafin ƙaramar Sallah ba, sai an karya mata kuɗi.

Mu ƙaddara kin saro kowace a dubu 22, kin sayar dubu 28. Dubu shidan nan ba riba ba ce. Cire leda da kwali, cire kuɗin ɗan kabu-kabu zuwa tasha, cire data, cire wadda za a maido don ta yi gajarta. In dubu uku ta rage kin yi sa'a. Jarinki zai sayi guda 68, ribar ta kama kamar dubu 200, in duk sun fita. Tallar bidiyo goma ke nan, guntun da kike rainawa, wanda ba ki zuba ko sisi a cikinsa ba.

Abin yi shi ne ki gwada da kayan wani. Je Babbar Kasuwa wurin mai shagon da kika saba yi wa talla, ku shirya la'ada, dubu biyu kan kowace abayar da ta fita ta hannunki, ku sa a rubuce. Ware layin WhatsApp na ciniki kaɗai. Sayi littafi mai bango: suna, gari, lambar waya, abin da ta tambaya, ta biya ko ba ta biya ba. Kada a ɗaure kaya sai an ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma ki buɗe asusun ki gani da idonki, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Bayan mako huɗu ki ƙirga waɗanda suka biya, ban da 'yan'uwa. In ba su kai 20 ba, ci gaba da tallarki. In sun haura, saro na dubu 300 daga kuɗin la'adar da na talla, gwal yana inda yake.

Littafin nan yana da wani amfani. A 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter wata bakwai, masu sana'a ta can suka wayi gari ba shago. TikTok ma kan rufe shafi ba sallama, ba kuma za ki fita da mabiyi ko ɗaya ba. Lambobin da ke littafi su ne za ki iya kira ranar da sabon kaya ya iso.

In watan ya cika, turo mini adadin waɗanda suka tambaya da na waɗanda suka biya.