Kan jirgin wasa ya karkace: a gyara ko a sayo wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Marigayi mahaifina tsohon ma'aikacin relwe ne a nan Bauchi, ya bar mini ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa, ƙirar kamfanin Märklin na Jamus, mai aiki da lantarki. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafafunsa ya kumbura ya karkace, ga ƙananan tsaga, ƙafafun sun daina juyawa. In miƙe shi da filaya ne, ko in yi odar wani daga waje?
Mai karatu, Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, don Allah ajiye filayar nan. Alamomin da ka lissafa na cutar tutiya ne. Daga shekarun 1930 zuwa 1950 an yi ta zuba irin waɗannan sassa da haɗin tutiya da alminiyam, kuma idan dalma ta gauraya a ciki, ko kaɗan ce, ƙarfen yakan ruɓe daga ciki a hankali, ya kumbura, ya tsattsage. Laimar damina tana ƙara masa gudu. Ba shi da magani, kana matsa shi zai marmashe a hannunka kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

Oda ma ban ba ka shawara ba. Tsohon sashe da za a aiko maka daga Jamus ko Ingila wataƙila sa'an naka ne, ciwonsu ɗaya, ga kuɗin canji da na aike.

A ƙera sabo da farantin tagulla mai kaurin milimita 1. Nemi mai gyaran agogo ko maƙerin zobe da awarwaro, don hannunsu ya saba da ƙaramin aiki. Ga inda ake yawan kuskure: kada a ɗauki awo daga tsohon ƙarfen, ai ya riga ya ƙara tsawo. A kwance siririn sandan nan da ke haɗa ƙafafun ta gefe, a ɗora shi kan tagullar, ramukansa su nuna inda za a huda. A haɗa farantin dama da na hagu a huda su lokaci guda, sannan a gyara baki da magagari da samfefa. Rami ɗaya ya goce kaɗan, jirgin zai riƙa ɗingishi a kan layi. Idan jirgin mai ƙaramin girman nan ne da ake kira HO, faɗin layinsa milimita 16.5 ne, sai a gwada ƙafafun a kansa kafin a ɗaure. Tsohon ƙarfen kuma ka adana shi a leda, na Baba ne.

Tambaya: Na bar wa ɗana jirginsa a mota da rana, rufin roba ya lanƙwashe. Ya lalace ke nan?
Mai karatu, Gombe

Amsa: Hajiya, naki da sauƙi. Ki cire rufin shi kaɗai, ban da injin. Ki tsoma shi a ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, in ya yi laushi ki miƙe shi, ki danne tsakanin tayil biyu har ya huce. Kada ki kai shi kusa da kyandir ko murhu. In ya ƙi, ki yanko wani daga tsohon katin ATM da ya daina aiki, ki manna da sufa gulu, yaron ya shafa fenti da kansa.